Kawu da Mawaƙansa Masu Ihu

Ranar da Kawu ya rasu, kalma ɗaya na yi ta ji a bakin masu gaisuwa har ta fara ba ni haushi, wato haƙuri. Ba wanda ake ba mu ba, wannan dole ne a ba mai rashi. Nasa ake yabo. Daga zauren gidansa a Argungu har tsakar gida inda mata suka baje tabarmi, duk wanda ya shafa fatiha sai ya ce, "Bawan Allah mai haƙuri, shekara bakwai kwance ba a taɓa jin ya ce wash ba." Manoman shinkafa sun zo daga Gulma da Augie a kan babura, wasu da lakar fadama a ƙafa. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Duk sa'ad da kat tambaye shi jiki, da sauƙi za shi ce maka, shina murmushi." Kowa ya gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne ya ɓata wa zaman tsari. Wani ɗan kasuwa ne mutumin kudu, mai sayar da kayan inji a Birnin Kebbi, tsohon abokin Kawu. Yana shiga zaure ya fashe da kuka da ƙarfi, aka taru a kansa ana cewa ya yi shiru, ba a yi wa mamaci haka. Ya goge ido da hularsa ya ce, da Hausarsa wadda ta fi ta wasunmu, "Ku bar ni in yi. Shi bai samu ya yi ba." Ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ni ina bakin ƙofa ina miƙa butar ruwa, na kuwa gane abin da yake nufi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a riƙa tuna wani waliyyi da ba ya jin ciwo, a manta da kawuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne, makanike. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a kudu da wani kamfanin Turawa masu gina hanya, shi ke kula musu da janareta. Da aikin ya ƙare ya dawo gida da akwatin sifana, da rakoda, da wani kwali cike da kaset da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa. Ya kafa rumfa a bakin hanyar fadama yana gyaran injin ban-ruwa. Ba ya fara kwance inji sai ya saurare shi. Zai ce a tayar, ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya dubi mai injin ya ce, "Kai kac ce ka canza mai, shi kuwa ya ce ba ka canza ba. Shi nika yarda da shi." Masifaffe ne a kan aiki, yana iya zagin mutum tas a kan fulogi ɗaya. Amma in inji ya mutu wa manomi lokacin da shinkafa ke tsakiyar son ruwa, Kawu zai ture kwanon tuwonsa ya bi shi har gona. Inna, matarsa, ta sha cewa ta auri mutum ne ta raba shi da fadama, kuma fadama ta fi ta samun kwana.

Kaset ɗin nan su ne abin dariyar unguwa. Kiɗan rok ne da wanda ake kira metal, Kawu kuwa kiɗan ƙarfe yake ce masa. Jita tana kururuwa, ganga kamar ana sussukar gero a kan kwano, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa wuya. Masu wucewa kan leƙo su ce, "Malam, kana gyaran injin mutane, naka rediyon ya lalace." Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce bai san abin da suke faɗa ba, Turancinsa na bakin aiki ne, sautin kawai yake so don yana tuna masa babban janareta in ya ɗauki lodi. Da an kira salla zai kashe, ya yi alwala ya tafi masallaci. Wannan ban taɓa ganin ya saɓa ba.

Sai hawan jini ya kayar da shi wata safiya a rumfar. Ɓarin hagu ya shanye, daga baya ƙafar dama ma ta ƙi. Aka kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da zaure, mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ya sha koko, sai ga shi sai an juya shi. Manoma ba su daina zuwa ba. Sukan ɗauko inji a bayan babur su ajiye a gindin tagar su tayar, hayaƙi ya cika ɗakin, Inna tana faɗa, shi kuwa yana ɗaga murya daga kan gado, "Ringin cikin injin na ya lalace! Ku kai ma yaron da ka gyara a kasuwa ya canza!" Ranar da aka kawo inji, ranar yakan ci abinci sosai.

A shekara ta biyu da kwanciyarsa ya aika a kira ni. Ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, ga miji ga 'ya'ya uku, Asabar kaɗai nake da ita. Na shiga mota na tafi ina zaton wasiyya zai yi. Na tarar da rakodar a gefen matashinsa, abokinsa ɗan kasuwa ya samo mata sabon bel.

"Ɗiyata," ya ce, "an ce Turanci kika koya ma ɗiyan mutane. Zo ki gaya min mi mutanen ga ka hwaɗi."

Ya danna. Na toshe kunne.

"Kawu, wanga ai ba Turanci ba na, yankan rago na."

"To ki saurari ragon. Albashin mi aka ba ki?"

Haka na zauna da biro da takarda, ina mayar da kaset baya, ina tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya daga cikin hayaniya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai da aka kusa azahar na haɗa waƙa guda. Wani mutum ne a cikin jirgin ƙasa da ba ya tsayawa a tasha. Duk fasinjoji suna barci, shi kaɗai ne idonsa biyu. Ya je gaba ya tarar babu direba, ya dawo ya zauna a kujerarsa, don ba inda za shi. Iyakar labarin ke nan, sai maimaita cewa ba ya tsayawa, ba ya tsayawa, har murya ta dushe.

Na gaya wa Kawu ina dariya. Shi bai yi ba.

"Shi wanga, shekarunai nawa?"

"Ina zan sani, Kawu? Muryar dai ta saurayi ta."

"Yaro na," ya ce, "kuma ya san wanga abu. Maido min shi."

Daga ranar Asabar ɗina ta zama tasa. Ina fassarawa, shi kuma yana ɗora allon katako a ƙirji yana rubuta abin da na faɗa da hannun da ya rage masa, da ajami, don shi ya iya. Ba ya ɗaukar Hausata yadda na ba shi, wai tawa ta 'yan boko ce, ba ta da gishiri. Kuma a saman kowace takarda sai ya sa Bismillah, kamar yadda ya saba ko jerin kayan inji zai rubuta. Inna tana tsakar gida tana aikinta, ta ɗauka darasin Turanci muke yi, takan leƙo ta ce tsufa ya zo wa Malam da son boko.

Sauraron inji ya koya masa sauraron waƙa, ya kuwa fi ni gane su nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mini yadda da yawansu ke farawa a hankali, jita ɗaya kamar mai lallashi, sai can komai ya rushe a kanka lokaci guda. Ya ce haka abin yake zuwa, kana shan kunu lafiya lau sai ka tuna. Shi ya lura kalmominsu gajeru ne, duhu, sanyi, rami, bango, ƙasa, wai mai jin tsoro ba ya dogon Turanci. Ya lura kullum suna magana da wani da ba ya amsawa, suna tambaya, me ya sa aka kawo ni, wa ke riƙe da igiyar, ina za a kai mu, sai a bar tambayar a tsaye, ganga ta ci gaba. Ihun ma ya ce ba hauka ba ne. In kalma ta kai iyakarta abin bai ƙare ba, dole murya ta yage.

Wata Asabar muka yi faɗa. Mun gama wata waƙa ta mutumin da ke haƙa rijiya, yana ɗaga kai yana ganin bakinta na ƙanƙancewa, ba kuma wanda ya sa shi haƙar. Raina ya ɓaci. Na taso da gajiyar mako, na bar wanki, na zo ina kwasar baƙin cikin wasu Turawa ina ɗura wa marar lafiya. Na ajiye biro na ce wannan waƙoƙin waɗanda ba su san Allah ba ne. Mu ma muna da waƙoƙin wa'azi masu ambaton mutuwa da kabari, har su sa mutum kuka, amma a ƙarshe sukan nuna maka hanya, ka tuba, ka yi salla, ka sa rai da rahama. Waɗannan kuwa su jefa ka rami su tafi. Na ce ba zan ƙara ba, kuma Musulmi mai salla biyar bai kamata ya kwanta yana jiƙa zuciyarsa da wannan ba.

Kafin ya amsa aka yi sallama. Wani maƙwabci ne ya shigo dubiya. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi," in ji Kawu, da murmushin nan nasa na ɓari ɗaya.

"Allah shi ƙara sauƙi. Kai kam Allah ya ba ka haƙuri."

"Amin, amin. A gaida gida."

Mutumin ya fita. Murmushin ya sauka daga fuskar Kawu kamar an cire hula.

"Kin gani?" ya ce. "Mutum goma ka shigowa ɗakin ga kullum. In nac ce ma ɗaya babu sauƙi, mi za shi ce? Ya ce in yi istigfari. Ya tahi ya ce Malam imaninai ya yi rauni. Ɗiyata, ban bar salla ba ko ɗaya, da ido nika yin ta in jiki ya ƙiya. Na san inda za ni, na san wanda za ni gamuwa da shi. Amma tsoro nika ji. Tun sahe har sahe tsoro nika ji. Ina kallon katangar can, in ga kamar ta matso. Hanyar da kika hwaɗi na san ta, malamai sun gaya min tun ina yaro. Abin da ban samu ba shi na wanda za shi zamna cikin ramin tare da ni ko na rabin awa, bai ce in tashi ba. Yaran ga masu ihu su kaɗai ka yi min haka."

Ban taɓa jin namiji babba ya ce yana jin tsoro ba, balle Kawu da ya taɓa cire maciji daga cikin inji da hannu. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani haushi da ban san na wa ba ne. Na ce, "To Inna hwa? Ka gaya mata mana."

"Ita ka juya ni, ita ka wanke ni, ita ka kwashe abin da ba a hwaɗi. In na aza mata wanga kuma, mi ya rage mata? Ki bar ta da da sauƙinta."

Na ɗauki birona. Muka ci gaba har shekara biyar, kuma ban gaya wa kowa ba. Ba zan ce waƙoƙin sun warkar da shi ba, ƙarya ne. Ranar da muka yi mai nauyi yakan ƙi magana har in tafi. Amma na ga yadda kafaɗarsa mai rai ke sauka in mawaƙin ya kai wurin da murya ke yagewa, kamar wani ya karɓe masa kaya na ɗan lokaci. Ni kuma na koma gida da abin a ƙirji, in shiga aji ran Litinin in koyar da yara yadda ake rubuta wasiƙar neman aiki.

Ya rasu da hantsi, ran Laraba, Inna tana ba shi ruwa a cokali. Allah ya sa tsoron nan ya ƙare a bakin ƙofar, ya tarar da abin da ya fi zatonsa, ya yalwata masa wurin kwanciya fiye da ɗakin da ya bari.

Washegarin sadakar uku babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya fito da kwalin kaset bayan gida. Ba mugu ba ne, kowa ya san yadda ya yi ɗawainiyar ubansa. Ya ce ya tambayi malamai, duk wanda ya saurari kiɗan nan bayan ran Baba, alhakin zai riƙa bin sa har kabari, shi kuwa ba zai bar ubansa da wannan ba. Ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana, idonsa jawur. Ina tsaye ina kallo, warin roba ya cika unguwa. Me zan ce a gaban maza, ni 'yar ƙanwa? Kuma can ƙasan raina ban tabbata bai fi ni gaskiya ba. Na bar kaset ɗin suka ƙone, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Takardun kuwa sun tsira, ta hanyar da ban zata ba. Da ake kwashe shimfiɗarsa aka same su a ƙarƙashin katifa, dami guda. Yaya ya ga rubutun Larabci, ya ga Bismillah a saman kowace, hannun kuma ya karkace saboda ciwo har ba a karanta shi da sauri. Ya sumbace su ya ce, "Allahu Akbar, ashe Baba addu'o'i shika rubutawa." A wurinmu takarda mai wannan rubutu ko a hanya ka gan ta sai ka ɗauke ka sa a ramin bango, balle ta mamaci. Aka naɗe su a farin ƙyalle aka sa a gafaka tare da Alƙur'aninsa, aka rataye a ɗakin. Har wata gwaggo tana cewa a raba wa jikoki a ɗinke musu laya.

Inna ta shiga takaba a wannan ɗakin. Aka ce ta koma nata, ta ƙi. Bayan mako uku na je gaishe ta. Na same ta zaune a bakin gadon da babu kowa, tana fuskantar tagar, hannuwanta a cinya ba abin yi. Mun gaisa, ta tashi ta sauko da gafakar.

"Idona ba shi gani yanzu," ta ce. "Ke ce kinka zamna da shi. Karanta min addu'ar da shika yi, in riƙa yi mai."

Ta zaro takardar da ke sama ta miƙo mini. Na karɓa. Ina iya karanto mata kowace addu'a da na haddace, ba za ta taɓa ganewa ba, ta ci gaba da zama da mijinta mai haƙuri, takardun kuma su zauna lafiya a gafaka. In na faɗi gaskiya, wataƙila su bi kaset, kuma in karya abin da Kawu ya shekara bakwai yana tarewa da murmushi. Amma ƙarya a kan addu'a, a ɗakin mamaci, ga mai takaba, wannan ya fi ƙarfina.

"Inna, ba addu'a ba ta. Waƙoƙin nan na, na cikin kaset. Ni ka juya mai su da Hausa shina rubutawa."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Karanta," ta ce.

Ajamina ba mai sauri ba ne, ban kuma taɓa duba abin da yake rubutawa ba. Na bi shi a hankali. Na gane waƙar, ta wani mutum ce a ɗaki. "Jiya taku bakwai ne daga gadona zuwa ƙofa. Yau ban san ko akwai ƙofa ba. Ina kira, muryata ke dawo mini. Masu sona suna tsaye suna murmushi, ni ma ina yi musu." A nan waƙar ta ƙare, na tuna sarai. Amma rubutun bai ƙare ba. Na ci gaba don bakina ya riga ya tafi. "Wadda ke kawo mini ruwa ta tsufa a ɗakin nan saboda ni. Ba na iya kallon hannunta. In na tafi ina tsoro, in na zauna ina cinye ta. Ban san wanne zan roƙa ba."

Na tsaya.

"Wanga ma Baturen yac ce?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Wanga babu shi cikin waƙar."

Ta dubi hannuwanta, ta juya su ciki da baya. Na zaci kuka za ta yi, sai na ga ranta ne ya ɓaci.

"Ke yag gaya ma," ta ce. "Ke da takarda da Turawa. Ni da nika kwana ina jin numfashinai, ni ya mayar baƙuwa mai dubiya. Shi ya aza ban da nawa tsoron? Da mun yi shi tare mana."

Ban nemi in kare shi ba. Sai a lokacin hawayen suka zo mata, ta bar su suna zuba ba ta share ba. Can ta karɓi takardar daga hannuna, ta ninke ta yadda take, ta mayar cikin farin ƙyallen, ta tashi ta rataye gafakar a ƙusarta.

"Kada yayanki shi ji," ta ce. "Ki dawo ran Asabar ki karanta min ta biyu. Kuma in kin kai inda yac ce abin da ba ki so in ji, kada ki gyara mai baki. Shekara bakwai shina gyara min, ya isa."